Baƙin Fenti a Fitilun Auta

Duk wanda ya girma a layinmu, a hannun Mai Burushi ya fara haɗa baƙi, ko da bai sani ba. Shi ya rubuta allon mai aski, da na tela, da na kantin magani, shi ya zana kifin nan mai dariya da ke saman shagon kayan sanyi. A zamaninsa babbar mota ba ta kama hanya sai ya hau tsani ya zana mata tsuntsu a ƙeya, ya rubuta mata maganar da za ta riƙa gaya wa na bayanta. Dogo ne siriri, da ɗan doro irin na wanda ya daɗe yana sunkuyo a kan allo. Ko ranar da ya sa sababbin kaya, in ka duba gefen farcensa sai ka ga shuɗi ko ja a maƙale.

Yana da doka guda da ya gada a wurin maigidan da ya koya masa sana'a: ba a barin fili. In an ba ka abu ka yi wa fenti, ka bi shi ciki da bai, har inda ido ba ya kaiwa. Ko bayan allon da za a jingina da bango sai ya shafe shi tas. "Ido bai gani ba, amma ruwan sama ya gani," haka yake cewa. Shi ya sa allunansa suka fi wasu masu shagunan tsawon rai.

Sai injin buga allon talla a kan leda ya shigo gari. Ka tura hoto ta waya da safe, kafin azahar a miƙo maka shimfiɗeɗiyar leda da hoton kaza kamar za ta yi magana. Masu shaguna suka yi ta sauke allunansa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya zama ƙofar akurkin kaji, wani teburin mai shayi. Na tela kuwa aka kifa shi a kan kwatar da ke kwanar layi, mutane suna takawa su tsallake. Mai Burushi bai taɓa taka shi ba. Gara ya zagaya.

Abin da ya rage masa shi ne ɗakin fenti, wani ɗan ɗaki a bakin ƙofar gida mai taga ɗaya tana kallon titi. Gwangwanaye jere a kan katako, burusai tsaye a kwalbar kananzir, tsani rataye a ƙusa. Bango guda ya yi shekara da shekaru yana gwada kala a kansa, har ya koma kamar lambun furanni da iska ta bi ta kai. Kullum da safe sai ya buɗe ɗakin, ya share, ya fito da kujera bakin ƙofa ya zauna yana jiran wanda ba ya zuwa.

Matarsa kuwa, sana'arta ta miƙe ne daidai lokacin da tasa ta kwanta. Kek da biredi take gasawa, masu shaguna suna zuwa ɗauka. Obin ɗinta na kicin ya yi mata kaɗan, ta sayi babba, amma babu inda za a sa shi. Yana nan tsakar gida a lulluɓe da tamfol kamar baƙon da ba a ba masauki ba. Ɗakin fenti take so, kuma ba ta ɓoye ba.

"Malam, gwangwanayen nan fa rabinsu sun bushe."

"Fenti ba ya mutuwa. Barci yake yi."

"To ya zo ƙarƙashin gado ya ƙarasa barcinsa. Ni ga masu jirana nan a ƙofa. Kai wa kake jira?"

Sai ya shiga gyaran bakin wani burushi da almakashi, burushin da babu abin da ya same shi.

Ana haka Auta, ƙaramar 'yarsu, ta sayi mota. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti can bayan gari, ta gaji da tsayuwar jiran motar haya tun duhun asuba. Motar tsohuwa ce, fara, injinta lafiya lau, sai dai fitilunta na gaba sun tsufa. Ruwan azurfar da ke zagaye da cikinsu ya fara ɓarewa kamar fatar albasa. Wata yamma ta zauna kusa da babanta a bakin ɗakin fenti, ta nuna masa hoto a waya: mota irin tata, an yi wa cikin fitilunta baƙi.

"Baba, ka ga yadda ake yi yanzu? Kamar an ja mata kwalli. Ranar hutuna zan kai wa mai gyaran jikin mota ya yi mini."

Ya kalli hoton, ya kalle ta.

"Mai gyaran jikin mota. Ina raye?"

"Ba haka ba ne, Baba, aikin ne daban. Sai an buɗe fitilar..."

"Fenti ne ko ba fenti ba?"

"Fenti ne."

"To ki ba ni makullin."

Maƙwabcinsu, wanda kowa yake kira Direba domin tasi yake ja, yana wankin motarsa a gefe, kunnensa yana wurin. Ya matse tsumma ya ce, "Wallahi Baba, in ta yi kyau ni ne na biyu. Kuma 'yan tasharmu ka san su, abin da ɗaya ya yi shi duka za su yi. Sai ka rasa inda za ka jera fitilu."

Matar Mai Burushi tana tsaye a soro da faranti a hannu. Ta ce, "Na ji, kuma kowa ya ji. Malam, in wannan aikin ya jawo maka wani, ɗaki naka ne, na rufe bakina har abada. In bai jawo ba, ka ba ni makulli da hannunka."

"Na yarda," in ji shi, da sauri fiye da yadda ya so.

Aikin ya fara nuna masa hali tun kafin ya taɓa fenti. Ya ɗauka noti biyu ne a kwance fitila ta faɗo hannu. Ashe sai an sauke bamba gaba ɗaya. Ya aro sifana a wurin Direba, ya kwanta a ƙasa a gaban gida, tsoho da shi, ƙura tana zubo masa a ido. Wasu ƙusoshin na roba ne, ka taɓa su karye. Wani noti ya yi tsatsa ya ƙi motsi, da ya matsa masa sifana ta zame, ya daki ƙarfe da bayan hannu har fata ta saɓule. Ya tashi zaune yana tsotsar ciwon, yana zagin wanda ya ƙera motar da wanda ya sayar da ita. Allo dai ba ya yi wa mutum haka. Allo ka jingina shi, ya tsaya ya saurare ka.

Da fitilun suka fito, sai ga wata sabuwa. Gilashin gaban a liƙe yake da wani baƙin gam mai taurin kai. Ya zura sukudireba ya banƙara, wani ɗan haƙorin roba da ke riƙe gilashin ya ɓalle ya yi tsalle. Auta, wadda ta koma hawan motar haya saboda tata tana kwance ba fuska, ta leƙo da jakarta a kafaɗa.

"Baba, zafi yake so. Mutumin da ke cikin bidiyon a obin ya sa tasa, gam ɗin ya yi laushi. Bari in bar maka wayar ka kalla har ƙarshe, akwai inda ya yi gargaɗi a kan..."

"Waya ce za ta koya mini fenti? Na yi wa tankar mai fenti tun ba a haife ki ba. Tafi aikinki kada ki makara."

Ta mayar da wayar jaka, ta tafi.

Obin kuwa ya san ko ya tambaya ba za a ba shi ba, saboda haka bai tambaya ba. Ya jira matar ta fita kasuwa, ya shimfiɗa kwali a kan faranti, ya kunna wuta kaɗan, ya riƙa tura fitilun ciki ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɓoye kayan sata. Dabarar ta yi. Gam ya saki, gilashi ya rabu da kwano yana jan baƙaƙen zaruruwa. Amma wari ya cika kicin, ya shiga labule, ya shiga buhun fulawa. Ya buɗe tagogi, ya yi ta fifita da murfin tukunya. A banza. Kek ɗin da ta gasa da yamma, ta gutsuri ɗaya ta tauna, ta tsaya.

"Malam."

"Na'am."

"Me ya sa kek ɗina yake ɗanɗanon taya?"

Kajin maƙwabta ne suka ci wannan gashin, su ma ba da son ransu ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta wanke obin ɗinta da ruwan zafi da lemon tsami, ta sa wa ƙofar kicin kwaɗo, ta ɗaura makullin a bakin zaninta.

Amma da ya shiga ɗakinsa da kwanukan fitilun nan biyu, ya rufo ƙofa, duk wannan ya faɗi daga kafaɗarsa. Nan gidansa ne. Ya ciro zoben da ke zagaye da cikin fitilar, wanda azurfarsa take ɓarewa, ya bi shi da samfefa a hankali har ya yi sumul, ya wanke, ya shanya a taga. Auta ta sayo masa fentin feshi na gwangwani, wanda ya saba kira fentin malalata. Ya girgiza shi yana jin ɗan dutsen ciki yana ƙara, ya gwada a bangon gwaji. Hannun da ya ɗauka ya manta da shi ya dawo. Shafa ta farko siririya kamar hayaƙi. Ya jira ta sha iska. Ta biyu. Ta uku. Baƙin ya kwanta lumui, ba ɗigo, ba kumfa, baƙi irin na rijiya mai zurfi. Ya tsaya yana kallo, har ya ji kansa yana ɗan rera wani abu a maƙogwaro.

Sai ya mayar da zoben mazauninsa don ya ga yadda za ta kasance. A nan ransa ya ɓaci.

A tsakiyar baƙin nan mai kyau akwai wani kwano mai ƙyalli, zagaye da ramin da ƙwan fitila yake zama. Fari fat, yana walƙiya, yana nuna masa fuskarsa a karkace da ƙaton hanci. Ya matsa baya ya ƙanƙance ido. Kamar sanƙo a tsakiyar kai. Kamar allon da aka rubuta rabi mai shi ya tafi cin abinci. Ya tuna hoton wayar Auta, ya tabbata a ransa baƙi ne duka, ai daga nesa aka ɗauka. Ya ji muryar maigidansa, wanda ya daɗe a ƙasa, tana cewa ba a barin fili. Masu koyon aiki a waya su bar fili, ba shi ba. Ya sake girgiza gwangwani. Ya bi kwanon nan lungu lungu, shafa uku kamar ɗan'uwansa, har fuskarsa ta ɓace daga ciki. Ya yi wa na biyun haka. A rayuwarsa bai taɓa yin aikin da ya kai wannan tsafta ba.

Haɗawa ma ta ba shi wuya. Tun da an hana shi obin, sai ya ɗumama gam a kan garwashi, ya ƙone yatsa, ya danne gilashi da gwiwa har ya kama. Ya mayar da fitilu, ya ɗaure bamba da waya a inda ƙusoshin roba suka karye. Da la'asar sakaliya ya gama, rana tana dukan motar a fuska. Mutanen layi suka taru. Motar nan da ta zo da idon tsohuwa yanzu tana kallon mutane ƙasa ƙasa kamar budurwar da ta san tana da kyau.

"Kai! Baba, ashe da sauranka!" in ji Direba. "Kunna mu gani."

Aka kunna. Ƙwayaye biyu suka kama, kowa ya gan su a cikin hasken rana, aka ce ma sha Allah. Babu wanda ya ce a jira duhu a haska bango. Auta ta dawo daga aiki ta rungume bonet tana dariya, ta ɗauki hoto ta kowane gefe. Direba ya ce gobe in ya tashi aiki zai kawo tasa. Matar ta leƙo, ta duba, ta ce, "Ba laifi," ta koma. Mai Burushi ya shiga ɗakinsa ya bi gwangwanayen nan ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa, yana tashin su daga barci.

Washegari Auta tana da aikin safe, ta fito tun gari bai waye ba. Mai Burushi ya ji tashin injin, ya fito bakin ƙofa da bargo a kafaɗa don ya ga aikinsa yana tafiya. Ta kunna fitila. Ya ga garwashi biyu a fuskar motar, amma titin gabanta yana nan baƙi ƙirin yadda yake. Ya murza ido, ya ce tsufa ne. Ita ma ta ɗauka gilashin gabanta ne ya yi raɓa, ta kunna abin share gilashi, ta ja a hankali tana leƙe. Ya bi jajayen fitilun bayanta da kallo har kwanar layi. Sai ya ji ƙara, gum, irin ta babbar tukunya in ta faɗo daga kan murhu.

Bai san yana iya gudu ba sai ranar. Ya tarar da tayar gaba ta faɗa kwata, motar ta durƙusa a gwiwa ɗaya, bamban da ya ɗaure da waya yana lilo. Auta ta fito ta ɗaya ƙofar, babu abin da ya same ta sai taɓo a gefen farar rigarta. Masu dawowa daga masallaci suka kewaye su. Direba ya zo da silifas ɗaya, ya durƙusa gaban motar ya haska cikin fitilar da tocilan wayarsa. Ya daɗe yana dubawa.

"Baba, ina madubin?"

"Wane madubi?"

"Kwanon nan mai ƙyalli da ke bayan ƙwai. Shi yake tattara haske ya watsa a hanya. In babu shi ai ƙwan kansa kawai yake haskawa." Ya sake leƙawa. "Inna lillahi. Har shi ka shafe?"

"Fili ne," in ji Mai Burushi, muryarsa can ƙasa.

Wani daga baya ya ce garin neman gira an rasa ido, wani ya ce masa ya yi shiru. Aka rasa abin da za a sa a ƙarƙashin taya, sai wani ya jawo katakon da ke kife a kan kwatar, tsohon allon tela. Aka cusa shi, aka ɗaga, aka tura. Katakon ya ɗauki nauyin mota bai ko yi ƙara ba. "Wannan katako da ƙwari yake," in ji wani saurayi, "ko ruɓewa bai yi ba." Mai Burushi ya ga harafin da ya ja da hannunsa yana leƙowa daga ƙarƙashin taɓo da sawun taya. Ya kau da kai.

Auta ta duba agogo, ta tsayar da mai babur. Kafin ta hau ta dafa hannun babanta ta ce, "Ba komai, Baba. Ka koma ciki, akwai sanyi." Da ta yi masa tsawa da ya fi masa sauƙi.

Bai haƙura ba. Ya sake sauke bamba, ya sake ƙona yatsu a kan garwashi, ya buɗe fitila ɗaya. Ya jiƙa tsumma da tina, ruwan nan mai narkar da fenti, ya ce abin da fenti ya rufe tina za ta buɗe, haka yake a kan kowane allo. Ya goga. Baƙin ya taso, amma bai taso shi kaɗai ba. Ƙyallin nan ashe bai kai kaurin numfashi a kan gilashi ba, ya biyo baƙin ya narke a tsumma. Abin da ya rage a hannunsa wani kwanon roba ne mai launin toka, wanda ba ya nuna fuskar kowa. Ya zauna da shi a cinya har rana ta bar tagar.

Auta ta samo wasu tsofaffin fitilu a kasuwar kayan mota. A shagon mai wayarin aka ɗaura mata, ba a gida ba. Su ma azurfarsu tana ɓarewa, sai dai suna ganin hanya. Direba kuwa ya koma fita ta ɗaya bakin layin, in sun haɗu ya gaishe shi da ladabi fiye da kima, ba ya ambaton fitila.

Matar ba ta tambayi makulli ba. Kwana da kwanaki tana wucewa ta gaban ɗakin ba ta ko kallonsa, wannan shirun ya fi masa magana ciwo. Wata safiya ya fito da gwangwanayen da kansa. Waɗanda suka bushe ya tara wa masu sayen gwangwani, 'yan masu ran ya tura ƙarƙashin gado. Ya sauke tsani. Ya same ta a kicin tana kwaɓa fulawa, ya ajiye makullin a gefen kwano.

Ta dube shi, ta dubi makullin, ta goge hannu a zani.

"Ba zan sa abinci a ɗakin nan da bangonsa haka ba. Fari nake so, sama da ƙasa. Ko in kira masu fenti?"

"Ina raye?" ya ce, amma ba ƙarfi a ciki.

Ya haɗa farin fenti a bokiti, ya zaɓi babban burushi. Ya fara da bangon gwaji. Jan motar wani da ya mutu, shuɗin kantin magani, ruwan ɗorawar kifin nan mai dariya, baƙin feshin da ya gwada kwanan nan, duk farin ya bi ta kansu yana haɗiyewa. Wasu suka ƙi ɓoyuwa, sai da ya koma musu. Bai bar ko tabo ba. Ya bi bayan ƙofa, ya bi ƙarƙashin katakon da babu mai leƙawa, ya matso wajen taga.

Daga tsakar gida, inda take yaye tamfol daga kan sabon obin, matar ta ɗaga murya.

"Malam! Gilashin tagar dai ka bar mini shi. Ina so in riƙa ganin abin da nake gasawa."

Ya tsaya da burushi a sama, fenti yana gangaro masa a wuyan hannu. Ya ja tsaki. Sannan ya ajiye babban, ya laluba aljihu ya ciro ɗan siririn da yake rubutu da shi, ya fara bin gefen gilashin a hankali.